An Binne Ka Sau Biyu, Malam Yahuza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga watan Agusta na shekarar 2025, daidai da sha ɗaya ga watan Safar, Allah Ya yi wa Malam Yahuza rasuwa a gidansa da ke Farin Dutse, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, bayan jinyar ciwon ƙirji ta kwana shida. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa Inna Safiyatu, da 'yarsa Bara'atu, da jikoki huɗu, da yayansa Alhaji Barau. An kai shi makwancinsa bayan sallar la'asar, ana yayyafi.

Yau kwana ashirin ke nan, Malam. Na so in rubuta maka ta'aziyya irin wadda aka saba, mai sanyi, a yabi mamaci, a roƙa masa gafara, a tashi. Sau huɗu ina farawa ina yagawa. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba don a ce ina da kunya. Mutuwarka hukuncin Ubangiji ce, na karɓa da hannu biyu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da muka yi wa akwatinka, mu ɗin nan da muka tsaya a bakin kabarinka muna cewa an yi babban rashi.

Ga wanda bai san ka ba, bari in faɗi abin da ke cikin akwatin. Akwatin ƙarfe ne kore, irin na 'yan makarantar kwana, yana ƙarƙashin gadonka a ɗakin zaure. A cikinsa akwai littattafai bakwai da ka juya daga Turanci zuwa Hausa da hannunka, cikin shekara ashirin da biyu. Uku a kan ma'aikatan da suka tashi tsaye suka yi juyin juya hali a ƙasashensu, biyu a kan talakawan ƙauye da suka ce wa masu mulki a'a, biyu a kan yaƙi da mutanen da suka ƙi zuwansa. Babu kwafinsu a ko'ina. Ba ka tara gonaki ba, ba ka taɓa mallakar mota ba, damuwarka ɗaya a ƙarshen rayuwarka ita ce abin da zai sami takardun nan bayan ranka. Ni kuma, Kamaluddeen, malamin sakandare a Birnin Kudu, ni ne na ɗauki alkawarin zan buga su a kwamfuta.

Na fara ganinka a shekarar 2013, a rumfar walda ta Baba Luke da ke bakin tasha a Birnin Kudu. Baba Luke abokinka ne tun kuna samari, tare kuka yi shekara ashirin da bakwai a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kano, har ranar da aka rufe ta aka sallame ku. Kai ka dawo gida noma, shi ya biyo ka ya kafa rumfa. Duk ranar kasuwa kana nan zaune a kan bencinsa. Ranar na kawo gyaran ƙofa, rediyo na ba da labarin wani hari da aka kai a arewa maso gabas. Ni kuwa lokacin jinina na tafasa, bakina ba linzami. Na ce a tura sojoji su baje garuruwan duka, kowa ya huta. Ka ɗago kai ka dube ni ta saman tabarau, ka ce, "Malamin makaranta, wa za ka tura? Ƙanenka ko ɗan wani?" Sai daga baya Baba Luke ya gaya min ɗanka Hadi yana can bakin daga, rashin aiki ya sa ya shiga soja. Mako na zagayowa ka miƙo min wani littafi da bangonsa ya yage, na wani soja da ya dawo daga babban yaƙi ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ka ce in karanta, sannan in dawo mu yi gardama.

Mun yi gardamar, kuma ka kayar da ni. Haka kake yi wa kowa. Ba ka ɗaga murya, sai dai ka yi ta jero tambaya har mutum ya ji kunyar maganarsa. Kai da ba ka wuce aji huɗu a firamare ba, a ajin yamma na ƙungiyar ƙwadago ka koyi Turanci, a shimfiɗar masu tsofaffin littattafai a bakin titin Kano ka sayi iliminka ɗaya bayan ɗaya. Mu masu digiri muna zuwa mu zauna a gabanka muna gyaɗa kai. Ka fi mu karatu, ka fi mu riƙe abin da ka karanta, kuma ba ka taɓa goranta mana ba, ko da yake mun cancanci gorin.

Shekara guda bayan haɗuwarmu aka kawo maka labarin Hadi, a takarda. Ba ka ga gawa ba. Na zo gaisuwa ina jiran in ga ka karye. Na tarar kana fiƙe alƙalami. A daminar nan ka fara juya littafin sojan nan da ka ba ni, ba ka tsaya ba sai da ka kai ƙarshensa bayan shekara uku.

Da ajami kake rubutu, da alƙalamin gamba da tawadar gargajiya, irin wadda ake rubuta allo da ita. Inna Safiyatu ce ke dama maka ita da gawayi da ƙaro, ta tace ta zuba a kurtu. Na taɓa yi maka tsiya, na ce duniya ta kai ga kwamfuta kai kana nan da kara. Ka ce, "Kamalu, mutumin da nake rubuta wa bai shiga firamare ba, amma ya yi makarantar allo. Idonsa kuma ya tsufa, siririn rubutun biro ba ya ganuwa gare shi." Takardun ba a ɗinke suke ba, warwara ne, kowane littafi a tsakanin kwali biyu an ɗaure da igiyar fata, yadda malaman zaure ke ajiye nasu. Kowace takarda kuma da Bismillah ka buɗe ta, domin takarda guda kake rubutawa da safe kafin ka tafi gona, kuma ba ka fara aiki ba tare da sunan Allah ba.

Duk Juma'a bayan la'asar sai ka fito da ɗauri ɗaya ka zauna a gindin tsamiyar ƙofar gidanka, manoma da 'yan ƙwadago su kewaye ka, ka karanta musu babi guda. Inna Safiyatu na jin komai ta bayan katanga, tana tsince shinkafa. Wasu sun ɗauka hira ce ta tsofaffi. Sun gane ba hira ba ce a shekarar da wani babban mai gonar shinkafa, ba zan kira sunansa ba, ya riƙa sa mutane feshin magani ba takunkumi ba safar hannu, tun safe har faɗuwar rana, ko ruwan wanke fuska babu. Wani magidanci ya yanke jiki ya faɗi a cikin fadama, aka ɗauko shi yana kumfa. Juma'ar nan ka karanta babin masu saƙa da suka tsayar da injuna. Ba ka ce wa kowa ya yi yajin aiki ba, ina wurin, na shaida. Su da kansu suka dubi juna. Mutum arba'in suka ƙi fita kwana huɗu, ciyawa na cinye shinkafa, babu wanda ya saci jiki ya tafi. Rana ta biyar mai gona ya aiko da takunkumi da safar hannu da durom na ruwa, ya kuma yarda a riƙa tsayawa a yi azahar a huta.

Daga nan aka sa maka suna. Ɗan kwaminis, mai hure wa talakawa kunne, mai karanta littattafan arna. Har akwai wanda ya rantse ba ka salla, alhali shi kansa a bayanka yake tsayawa in ya samu ya zo asuba. Aka kai ƙararka gaban dagaci. Ka ɗauki ɗaurin takardunka ka tafi, ka ce a ba ka dama ka karanta abin da ake ƙara a kai. Ka yi ta karatu, ka yi ta karatu, har dagaci ya ce don Allah a bar maganar, bai ji kafirci a ciki ba, kuma cikinsa na kiran abinci. Ka dawo kana dariya. Ni ban yi dariya ba, kuma har yau ban yi ba, domin masu ƙarar nan na gan su a sahun gaba ranar jana'izarka, suna share ido da hannun riga.

Mutanen Yalwan Damai, dangin Inna Safiyatu, ba za su manta da kakar da shanu suka shiga gonakin dawa ba. Ka je zumunci ka tarar samari sun taru da adduna da kwari da baka za su far wa ruga. Ka shimfiɗa buzunka a tsakiyar hanya ka zauna. Ka riƙa kiransu ɗaya ɗaya da sunan uwayensu, kana tambayar kowa wanda yake so ya kai wa gyatumarsa labari in bai dawo ba. Ka ce musu, "Ni an taɓa kawo min irin wannan labarin. Ban so a kai wa kowa, ko a gari ko a ruga." Wasu suka zage ka, wani ya ce tsufa ne ya sa ka tsoro. Ba ka tashi ba sai da dattawa suka iso, aka aika wa arɗo, aka zauna. Ranar ba a zubar da jinin kowa ba.

To, wannan shi ne mutumin da muka yi wa abin da zan faɗa yanzu. Zan fara da kaina, don kada wani ya ce na ɗora wa tsofaffi laifi na wanke hannuna.

Sau uku ka kira ni kan takardun nan. Na farko shekara huɗu da suka wuce, na ce sai na sayi sabuwar kwamfuta. Na saya. Na biyu bara, na ce aikin makaranta ya yi min yawa. Na uku da Babbar Sallar bana, na je gaishe ka, ka jawo akwatin da kanka, kana haki, ka buɗe ka nuna min gindinsa. Ka ce, "Kamalu, gara ta fara shiga ta ƙasa. In bugawa ta gagara, ka ɗauki hotonsu da wayarka mana." Wayar tana aljihuna, Malam. Aikin kwana biyu ne. Sai na ce a'a, aikinka ya fi ƙarfin hoton waya, a bari in an yi dogon hutu zan zo da na'ura ta musamman a yi abu mai kyau. Ka dube ni, ka rufe akwatin, ka ce Allah Ya kai mu. Hutu ya zo, ban zo ba. Ranar da aka binne ka ma ban kwana a garin ba. Na wuce Dutse taron ƙungiyar malamai na mako guda, na tsaya a gaban lasifika na yi jawabi kan haƙƙin ma'aikaci, har na nemi a yi maka addu'a, aka tafa min.

Washegarin rasuwarka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rumfar zaman makoki ta faɗi. Masu gaisuwa suka rasa wurin zama. Alhaji Barau, a matsayinsa na babba, ya ce a kwashe kayan ɗakin zaure a shimfiɗa tabarmi. Littattafanka na Turanci, sama da ɗari biyu, aka zuba su a buhu uku. Wani ya ce ai takardun boko ne, ba su da amfani a gidan, a kai wa masu ƙosai da masu tsire a Gwaram su ƙulle kaya. Aka kai. Sannan aka jawo koren akwati aka buɗe. Suka ga rubutun alƙalami, suka ga Bismillah a saman kowace takarda, suka ga gara ta ci gefen wasu. Kowa a garin nan ya san abin da ake yi da tsohuwar takarda mai sunan Allah in ta fara lalacewa: ba a barinta ta watse a taka, ana killace ta a ƙasa mai tsarki. Alhaji Barau ya aika wa liman cewa an sami tsofaffin takardun malam sun zagwanye, liman ya ce a binne su a bayan masallaci. Suka yi alwala. Suka sayo farin yadi sabo suka naɗe ɗauri bakwai kamar gawa, suka haƙa rami suka saka, suka mayar da ƙasa, suka yi addu'a.

Mutum shida ne suka yi wannan aikin, kuma dukansu suna karanta ajami kamar shan ruwa. Ko ɗaya bai sauke idonsa zuwa layi na biyu ba. Wannan shi ke ƙona min rai. Shekara ashirin da biyu ɗan'uwansu na rubutu a gabansu, ba su taɓa tsayawa a gindin tsamiya sun ji abin da yake cewa ba, don kada a gan su tare da ɗan kwaminis. Da ya mutu kuma sai suka ga alƙalami da tawada suka tuna da ladabi. Ga Inna Safiyatu a cikin gida, taku goma tsakaninsu, matar da ta dama kowane ɗigon tawadar da ke kan takardun. Tana takaba, mace ce, ba a shawara da ita. Babu wanda ya leƙa ya ce, Inna, waɗannan takardun na mene ne?

Sai rana ta takwas ta ce a shigo mata da akwatin ɗakinta, don rufin zaure na yoyo. Aka kawo mata shi fayau. Bara'atu ta ce min uwarta ba ta yi kuka ranar da ka cika ba, sai ranar. Inna Safiyatu ce ta aika wa Baba Luke. Shi kuwa tun kwana biyu kafin nan ya sayi ƙosai a Gwaram aka ƙulle masa a wata takarda, ya ga rubutunka na fensir a gefenta. Tsohon nan, da ciwon gwiwarsa, ya bi masu ƙosai da masu tsire ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, ya tattaro littattafai sittin da 'yan kai, wasu rabi, wasu duk mai. Waɗannan ba su dame ni sosai ba, an buga su da yawa a duniya, in an nema za a samu. Amma da ya ji maganar rami sai ya tsaya cak. Kirista ne, baƙo ne a Farin Dutse duk da shekarun da ya yi a ƙasar nan, ba zai ɗauki shebur ya nufi bayan masallaci shi kaɗai ba. Ya kira ni a waya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kamalu, sun binne aikin Yahuza. Kullum ruwa ake yi."

Na iso rana ta tara. Na shiga wurin Alhaji Barau ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ɗaga wa dattijo mai shekara saba'in da shida murya a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba, kuma na nemi gafararsa daga baya. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Mu girmama su muka yi. Da wulaƙanci muka nufa, da mun haɗa su da na masu ƙosai." Na ce ai da kun haɗa su da na masu ƙosai, da yanzu rabinsu na hannunmu. Ya dafa sandarsa, ya ce, "To, kai da ka san darajarsu, ina ka shiga?"

Na fita na nufi wurin liman, Malam.

Liman mutumin kirki ne, zan faɗi gaskiya a kansa. Da na yi masa bayani sai ya ce shi tsofaffin takardu aka ce masa, bai gan su ba, kuma laifinsa ne da bai ce a kawo ya duba ba. Ya ce a tone. Da hantsi rana ta goma muka taru a bayan masallaci. Baba Luke ya kawo shebur biyu daga rumfarsa ya tsaya nesa a bakin hanya, liman ya yafito shi ya ce ya matso, abokinsa ne. Ƙasar ta jiƙe sharkaf. Tun ba mu kai kamu biyu ba ruwa ya fara tsattsafowa, baƙi wuluk. Tawadar allo ce, an yi ta ne don ta wanku. Farin yadin ya koma baƙi. Muka ɗago shi mu huɗu, yana ɗiga, muka kwance a kan tabarma. Ɗauri shida sun dunƙule sun zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa, in ka taɓa sai yatsanka ya nutse. Baba Luke ya durƙusa yana ƙoƙarin ɓare takarda ɗaya daga wata, tana narkewa a hannunsa. Inda ta ɓaru ma babu komai a kai sai dusu-dusun toka.

A tsakiyar ɗauri mafi kauri, inda igiyar fata ta matse sosai, muka sami takarda talatin da ɗaya da ruwa bai gama ratsawa ba. Talatin da ɗaya, cikin fiye da dubu biyu. Muka kai su zauren gidanka muka baje a kan tabarma don su sha iska.

A nan ne Alhaji Barau ya shigo. Ya jima a tsaye yana kallo. Sannan ya jingine sandarsa, ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya ɗauki takarda ɗaya ya kai ta kusa da idonsa. Ya wuce Bismillah. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya karanta rubutunka, kuma a fili ya karanta, da irin muryar da ake karatun zaure. Labarin masu dako ne a wata tashar jiragen ruwa, an kawo makamai za a loda a kai wani yaƙi da ake yi da talakawa irinsu a ƙetaren teku. Suka taru a rumfa. An gaya musu duk wanda ya ƙi aiki an kore shi, kuma sojoji na tsaye a bakin ƙofa. Shugaban taron ya ce wanda ya yarda kada a loda makaman ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga, kowa na kallon ƙasa. Can daga baya wani tsoho mai 'ya'ya tara ya miƙe tsaye. Nan takardar ta ƙare.

Alhaji Barau ya juya bayanta, babu komai. Ya ɗauki ta kusa da ita, ba ita ce mai bi mata ba. Ya ɗauki wata, ya ɗauki wata. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Baba Luke, ya ce, "To, sun ɗaga hannun?"

Ni ban sani ba, ranar da ka karanta babin ban zo ba. Littafin Turancin kuma ba ya cikin waɗanda Baba Luke ya ceto. Sai muka ji muryar Inna Safiyatu daga bayan ƙofar cikin gida, ashe tana tsaye tun ɗazu. Ta ce, "Sun ɗaga, Yaya. Duka suka ɗaga, ban da mutum biyu. Jirgin wayam ya tafi. Da kun tambaye ni kafin ku haƙa ramin, da na gaya muku."

Dattijon ya ajiye takardar a hankali, ya rufe fuskarsa da babbar rigarsa. Ban taɓa jin kukan tsoho irin wannan ba, kuma ban rarrashe shi ba.

Yanzu wayoyinmu sun cika da hotonka, Malam. Mutanen da ba su taɓa taka Farin Dutse ba suna kiranka gwarzon talakawa. Wasu masu kiran kansu kwamared sun ce za su shirya lacca da sunanka a otal, sun nemi in zo in yi magana. Na ce su riƙe laccarsu. Wanda yake son ka da gaske ya zo ya tambayi matarka da tsofaffin gindin tsamiya abin da suka riƙe, tun suna da rai. Takardu talatin da ɗayan na ɗauki hotonsu da wayata a ranar, ban tashi daga wurin ba sai da na gama. Minti ashirin ya ɗauke ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Safiyatu, Allah Ya ba ta haƙurin rashi biyu da ta yi cikin kwana goma, Ya sa ta fita takaba lafiya. Ina yi wa Bara'atu da 'ya'yanta ta'aziyya, Allah Ya albarkaci bayanka. Ina yi wa Baba Luke, wanda ya rasa abokin shekara hamsin, kuma ya fi mu duka riƙe amanarka. Ina yi wa manoma da 'yan ƙwadagon Farin Dutse da Yalwan Damai da Gwaram da Birnin Kudu, waɗanda don su ka yi rubutun, kuma jikokinsu ba za su karanta shi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Yahuza. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya sada ka da Hadi a Aljannar Firdausi. Abin da ruwa ya wanke a bayan masallaci, Allah Ya sa ka tarar da ladansa cif a mizaninka, domin Shi babu abin da ke goge Masa. Mu kuma da ka bari, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Ya Ubangiji, Ka yafe mana, ni da Alhaji Barau. Shi bai karanta ba, ya binne. Ni na karanta, na san abin da ke ciki, na ce sai an yi hutu.